Inna, Ashe Daji Biyu Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi, gwiwa biyu a ƙasa yadda kinka koya mani, ina roƙon Allah Shi sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau. Gidana na Rabah lafiya, jikokinki sun yi tsawo har sun fara yi mani gardama. Garinmu Taloka ma lafiya, an samu ruwa, gero ya yi kyau. Ni ce Kulu, ɗiyarki malamar makaranta, wadda kike cewa ko barci take bakinta bai hutawa. To har yau bai huta ba, sai ki yi haƙuri ki saurara.

Labarin mijinki na kawo maki. Kada gabanki shi faɗi, shina nan da ranshi, jiya ma sai da yay yi faɗa da masu ban ruwan albasa. Amma ya ba mu wuya, Inna, kuma da hannunki a ciki.

Bara, bayan an kwashe albasa, Baba yaf fara rama. Mutumin da ke tashi da kwanon tuwo shi kaɗai, sai shi taɓa shi ture. Mazagin wandonshi kullum sai an ƙara ja. In an tambaye shi sai shi ce zahi ne ya taso mai, ko basir, shi aika a samo mai sassaƙe. Sahabi autanki, wanda yat tafi Indiya karatun haɗa magunguna kina kuka kina cewa za su mayar da shi ɗan rawa, yanzu shina aiki Sakkwato. Shi ne yaz zo yad ɗauke shi kusan da ƙarfi yak kai shi babban asibiti, ni kuma nab bi su.

Anka yi gwaje-gwaje, har da zura wata na'ura mai ido cikin hanji, abin da Baba yah hana mu gaya ma kowa, don haka ke ma ki riƙe shi a bakinki. Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, yaz zaunar da mu yac ce ƙari ne a babban hanji, kansa ce. Amma mun yi sa'a, ba ta kai ga bazuwa ba. Za a yanke wurin a ɗinke, daga baya a bi da magani ta ƙarin ruwa. Baba shina ta gyaɗa kai. Sai likita, don shi kyautata mai, yam mayar da maganar Hausa zalla: "Wato ciwon daji ne, Baba." Nan take mijinki yam miƙe, yag gyara hula, yay yi godiya mai kyau, yac ce, "Likita, Allah Shi biya. Daji bai son ƙarhe." Yaf fice yab bar mu zaune da baki buɗe.

Kin gane maganar wa ce? Taki ce, Inna.

Ina tuna matan da ake kawo maki bisa jaki daga Rimawa da Giyawa, ƙafa ta kumbura ta yi ja tana sheƙi, in mutum ya kai hannu sai shi ji huci. Ki duba, ki latsa, ki ce, "Wanga daji na. Kada a kai shi ga allura. Daji bai son ƙarhe, in ya ji shi sai ya yaɗu." Sai ki sa ni daka, ki dafa ɓawon hano, ki lafta ma ƙafar ganye mai sanyi, ki hana su yaji. Da yawa sun koma gida da ƙafarsu. Waɗansu kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, daga ƙofarki asibitin Goronyo suke zarcewa a ɓoye, in sun warke su dawo su kawo maki goron godiya.

Abin dariyar, kina da rai Baba bai taɓa yarda da maganinki ba. Ciyawar ɗiyar Wurno shike ce mai. Sau nawa kunka yi ta a tsakar gida, ke kina cewa shi sha, shi shina cewa shi ba akuya ba ne? Amma tun ranar da anka kai ki, duk abin da kinka taɓa faɗi ya zama doka. Bai shan ruwa a tsaye don kin hana. Bai cin kuɓewa in shina mura don kin hana. Buta ma, inda kike aje ta nan ake aje ta, wanda duk yag gusa da ita zai ji a kunnenshi.

Likita kuwa ya gaya muna gaskiya bayan fitar Baba: irin wanga ƙari bai jira. In anka bar shi yak kama hanta, wuƙa ba ta da sauran amfani. Inna, na ji tsoro. Na rasa ki, ban gama sabawa ba, sai kuma a ce in rasa shi saboda magana guda? Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na koma Rabah, na kasa zama na dawo. Liman ya yi mai nasiha, abokan majalisa sun yi tasu. Amsarshi ba ta sauyawa: "Uwarku ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. In na kwanta anka sa mani wuƙa, na ce ba ta san aikinta ba ke nan." Wallahi a lokacin har ke sai da naj ji haushinki, ki yafe mani.

Ana haka, ranar kasuwar Goronyo, Baba yah hau mashin yad dawo da wata kwalba cikin aljihu, fuskar nan cike da fara'a. Wai wani mai lasifika bisa mota yas samo mai maganin Indiya, mai kashe daji ba yanka ba allura, kuma shina maganin suga da hawan jini da ciwon baya duk a tare. A jikin kwalbar akwai zanen ganye da rubutun nan nasu mai kama da shanya bisa igiya. Har ya sha cokali guda kafin Sahabi shi iso. Sahabi yak karɓa yaj juya ta, yak karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa, sai yaz zauna dirshan bisa tabarma shina dariya har da hawaye. Man gashi ne, Inna! Man gashi mijinki yas sha, shi da sanƙonshi.

Na zaci kunya za ta kama shi. Ina! Sai yac ce, "To, kai da kaz zauna can shekara da shekaru, mi ah amhwaninka? Ka samo mani na gaske."

Ashe Allah ta nan Zai kawo muna mafita. Sahabi yac ce matar da yaz zauna haya a gidanta can Indiya likitar maganin gargajiyarsu ce, wanda suke kira Ayurbeda. Ba irin na bisa mota ba. Su a jami'a suke karanta shi, kuma ita a asibitin masu kansa take aiki, ɗakinta na kallon na likitocin tiyata, suna tura ma juna marasa lafiya. Yat tura mata sakamakon gwajin Baba ta waya, tac ce a haɗa su ta gan shi da idonta.

Da hantsi munka yi kiran, gindin dogon yaron ƙofar gida, don nan ne kawai waya ke kamawa da kyau. Inna, da kin ga mijinki! Babbar rigar Juma'a, sabuwar hula, har da turare. Nac ce Baba, waya ba ta kai ƙamshi. Yac ce in rufe mai baki.

Sai ga wata tsohuwa cikin wayar, kai fari fat, da tabarau, tana murmushi. Sahabi na fassara. Ba ta fara da ƙarin ba ma. Tambaya take: shina barci? Yaushe shike cin abinci? In ya ci, abincin na zama mai a ƙirji? Shina da saurin fushi? Nan ni da Sahabi munka kalli juna, Baba kuwa yad daka tsawa yac ce sam shi bai da fushi. Ba a ma fassara mata wannan ba, ta gane. Sannan tac ce shi fiddo halshe ta gani. Dattijon da ko hamma bai yi gaban mata, ga shi ya zaro halshe ya miƙa ma wata mace a Indiya, masu wucewa gona suna waige.

Tac ce a iliminsu jikin mutum abu uku ke riƙe da shi: iska, da wuta, da ruwa. In sun daidaita lafiya, in ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta samu ƙofa. Tac ce wutar Baba ta yi yawa a jini da hali, amma wutar cikin da ke dafa abinci ta yi sanyi. Baba yab buga cinya yac ce, "Zahi! Haka uwarku ka cewa!" Sai tas sa anka ɗaga wayar sama, tana nuna ganyen da ke kanmu tana murna, wai itaccen ƙasarsu ne, su ma da shi suke magani. Taj jawo kwalabe tana buɗe muna ɗaya bayan ɗaya. Gangamau. Citta. Masoro. Hulba. Har da wani ƙaro da na rantse ɗan'uwan na hano ne, tac ce na ciwon gaɓɓai da kumburi ne. Kwandonki na ƙarƙashin gado nag gani a hannun wata tsohuwa a wata duniya. Sai da naj juya baya nas share ido.

Baba ya ga ya samu tashi. Yag gyara zama yac ce ma Sahabi, "Gaya mata magani nike so ba yanka, don daji bai son ƙarhe. Kuma ka hwaɗa mata yadda nac ce, kada ka sa mani Turancin asibiti." Sahabi, ɗan biyayya, yaf fassara kalma da kalma. To kin san daji a bakinmu shi ne jeji. Abin da matar taj ji shi ne wai jeji ba ya son ƙarfe. Tac cire tabarau, tam matso da fuska, tat tambaya wane jeji, ko Baba mai saran itace ne?

Da anka gama dariya Sahabi yay yi mata bayani, cewa haka muke kiran kansa da Hausa, kuma maganar ta matar Baba ce, mai magani ce, ta rasu. Tah haɗa tafin hannunta biyu tas sunkuyar da kai, irin girmamawarsu. Sannan tac ce tana son Baba shi kwatanta mata dajin da kike warkarwa. Nan fa anka sosa mai inda ke ƙaiƙayi. Yas shiga ba ta labarinki, ƙafa bayan ƙafa, har da waɗanda ni ban sani ba. Mutumin da ke cewa ciyawa, ashe duk shina lura.

Ita kuwa tana ta tambaya. Wurin na ja? I. Da zafi in an taɓa? Ƙwarai. Farat ɗaya shike tasowa, da zazzaɓi? Haka ne. To kai naka fa, ya yi ja? Ya yi huci? Farat ɗaya yaz zo? Baba yac ce a'a, nashi a sace yas shigo, shi bai ma san da shi ba.

Tac ce to cuta biyu ce kunka ba suna ɗaya. A wurinsu kowace da sunanta. Ta farko kumburi ne mai zafi, kuma a nan ne ganyayensu da namu suke da abin cewa, don suna sanyaya shi. Taƙ ƙara da cewa ko shi ma in ya yi tsanani allurar asibiti ce ke ceton ƙafar. Wanga ɓangaren Sahabi da murya ƙasa-ƙasa yaf fassara shi, ni kuwa na gaya maki don na san ba ki son ɓoye-ɓoye. Ta biyu ƙari ne mai girma sannu a hankali, mai saiwa, wanda bai nuna bai fashewa. Shi kuma, in ji ta, tsofaffin littattafansu na tun kafin asibitin Turawa cewa sunka yi a sa wuƙa a cire shi duka, kada a bar saura. Tac ce, "Matarka abin da idonta yag gani tay yi ma magani. Na cikin hanji ido bai ganin shi."

Ba ta yi mai daɗin baki ba, Inna. Tac ce ba ta da ganyen da zai narkar da wanga ƙari, kuma duk wanda yac ce shina da shi maƙaryaci ne, ko da ɗan garinsu ne. Har ta ja mai kunne kan magungunan kasuwa, wai waɗansu ana samun dalma a cikinsu, mai gudun ƙarfe sai shi sha ƙarfe bai sani ba. Abin da za ta iya shi ne ta taimaka mai shi samu ƙarfin ɗaukar aikin, bayan nan kuma ta taimaka da cin abinci da barci da tashin zuciya, shi ma sai da yardar likitanshi na Sakkwato.

Baba yaɗ ɗago kai yac ce, "Wato uwarku ba ta yi kuskure ba." Yaƙ ƙara da cewa, "Ashe daji biyu na." Sai kuma yah hau faɗa da mutanen da, wai albasa kaɗai kowane iri da sunanshi, amma anka yi rowar suna ga cuta har tana neman kashe mutum. Yaj juya ga Sahabi yac ce, "Kai kuma mi kake jira? Kira likitan!" Kamar ba shi ne yas sa mu zarya ba.

Kafin aikin, tsohuwar tas sa anka tsayar da duk wani sassaƙe, har da gangamau, don waɗansu na tsinka jini. Tac ce kome za a ba Baba a fara gaya ma likitanshi. Na yi zaton dattijon nan zai ɓata rai, sai nag ga ya saurara tsaf. Ya yarda da citta, ya yarda da abincin da tat tsara ma Baba, ya hana wani garin magani guda yac ce zai yi karo da maganin ƙarin ruwa. Da anka gaya mata tac ce ya yi daidai, shi ne ke riƙe da mara lafiya.

Anka yi aiki, anka cire, Allah Ya ba da sa'a. Maganin ƙarin ruwan ne yab ba shi kashi. In an sa mai sai shi kwanta lakwas, ko warin miya bai so. A nan ne na ga amfanin tsohuwar. Ruwan citta mai ɗumi, kurɓi kaɗan kaɗan. Shinkafa a dafa ta luguf da waken da anka surfe, a sa ɗan man shanu da gangamau ɗan yatsa, a ci kaɗan amma a kan lokaci. Da shinkafar garinku nike yi mai. Ranar farko yal leƙa kwanon yac ce, "Wato har Indiya anka kira don a ba ni haten wake?" Amma ya cinye, kuma ya zauna mai. Ana ɗumama man riɗi a murza mai ƙafafu. Bayan sallar asuba kuma shi zauna shi toshe hanci guda shina jan numfashi a hankali, wai na kwantar da rai ne. Maƙwabta sun zaci wani sabon wuridi yas samo.

Yanzu an gama ƙarin ruwan. Hoton baya-bayan nan da anka ɗauka likita ya ce bai ga kome ba, amma za a ci gaba da dubawa, don haka ba mu cika baki, godiya muke. Kumatu sun dawo, faɗa ya dawo. Ya zama malami a majalisa, duk wanda yac ce daji sai shi tare shi da, "Wanne daga ciki? Biyu na." Har ya kora wani abokinshi asibiti da kanshi. Tsohuwar Indiya kuma tana aiko gaisuwa, shi kuma ya nace sai an kai mata buhun albasa, mun rasa yadda za mu yi da shi.

Saura abu guda, na bar shi sai ƙarshe don shi ne mai nauyi.

Safiyar da za a shiga da shi tiyata, an sa mai rigar nan ta asibiti mai buɗaɗɗen baya, shina ta mita wai an tozarta shi. Anka cire mai hula, anka kwantar da shi bisa gadon turawa. Sai nag ga ya ƙanƙance, Inna, kamar ba Baba ba. Dab da ƙofa yas sa hannu yar riƙe bango, masu turawa sunka tsaya. Yay yafuto ni, nas sunkuya. Yac ce, "In na tahi, ni za ni yi ma uwarki bayani da bakina. In kuwa Allah Ya tsaishe ni, ke ki gaya mata ban saɓa maganatta ba. Dajin na daban." Nac ce to, Baba. Anka shige da shi, ni kuma naz zauna nan ƙasa bakin ƙofar.

Da yaf farfaɗo, ga roba a hanci, ga roba a hannu, yab buɗe ido yak kalli rufin ɗakin, yad daɗe, sannan yag gangaro da ido kaina. Da ƙyar muryar ke fita. Yac ce, "Nan ina na?" Nac ce Sakkwato, Baba. Yal lumshe ido yac ce, "To, sai ki gaya mata."

To, Inna, na gaya maki. Bai saɓa maki ba. Kuma ki yi haƙuri ki ƙara jiranshi, mu ba mu gama da shi ba tukuna.

Na san takarda ba ta shiga inda kike, addu'a ce ke isa. Allah Shi gafarta maki, Shi haskaka makwancinki, Shi sanyaya maki kamar yadda kinka sanyaya ma bayinSa ƙafafu. Allah Shi ƙara ma Baba lafiya da nisan kwana, Shi saka ma duk wanda yas sa hannu a jinyarshi, na kusa da na nesa. Marasa lafiyar da ke gida da na asibiti, Allah Shi ba su sauƙi. Ranar da za mu iske ki, Allah Shi sa mu iske ki kina dariya. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Kulu